Wace manhaja za mu ɗauka don jarrabawar lissafin 'yan aji ɗaya?

Dakta Bala:
Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa. Shawara nake nema. Sashenmu ya kafa kwamiti, aka ɗora mini shugabancinsa, wai mu kawo rahoto kan manhajar da za mu koma amfani da ita wajen tes da jarrabawar MTH 101 da MTH 102, kwasa-kwasan lissafi na 'yan shekarar farko a jami'a. Abin da muke da shi yanzu CBT ne, wato jarrabawa a kwamfuta, irin na kowa, tambaya da A, B, C, D. 'Yan kimiyya da 'yan injiniya da 'yan ilimi duk a wuyanmu suke, sun haura dubu biyu, mu kuwa masu koyar da kwas ɗin ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Sunaye huɗu aka miƙo mini: STACK, Numbas, WeBWorK da Möbius. Wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu da hannunsa, ba wanda ya karanta tallarsa kawai ba, don Allah ya taimaka.

Malam Auwal:
Wa alaikumus salam Dakta. Ni tambayata, laifin me na yanzun ya yi? Ranar da aka yi jarrabawa ranar maki ke fita, takarda ba ta ɓata, ba mai zuwa ofis yana rantsuwa an danne masa maki. Mu ƙananan ma'aikata mu muka san zafin duba takarda dubu.

Dakta Hadiza:
Auwal, ga misali ɗaya ka auna da kanka. Ka ba yaro ∫x cos x dx, ka jera masa amsa huɗu. Mai wayo ba zai yi intagireshan ba sam. A zai ɗauka ya yi mata difarenshiyeshan, in ba ta dawo da x cos x ba ya koma kan B. Da ya iso kan x sin x + cos x + c ya ga sin x ɗin nan biyu sun cinye juna, shi ke nan, ya danna ya wuce. Ya kwashe makinsa cif, alhali bai san ta inda ake bi a samo amsar ba. Faktoraizin ma haka, ya buɗe bakan kowace amsa ya ga wadda ta haifo tambayar. Warware ikweshan ma haka, ya riƙa cusa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga abin da muke koyarwa a aji ɗaya aiki ne mai tafiya da dawowa, tafiyar da wuya, dawowar da sauƙi, canki-canka kuwa dawowar kawai take aunawa.

Ba hasashena ba ne. Chris Sangwin da Ian Jones sun gwada shi, sun buga sakamakon a 2017: tambayoyi iri ɗaya, wani lokaci a ba da zaɓi, wani lokaci ɗalibi ya rubuta amsa da kansa. Maki ya fi yawa inda aka ba da zaɓi, kuma tazarar ta fi faɗi daidai a irin tambayoyin nan da ake iya bi ta baya. Ni ke karɓar yaran nan a aji biyu. Mutum ya zo maka da A a MTH 102, ka ce fito allo, ya tsaya yana juya alli.

Farfesa Garba:
To ai kin gama maganar, Hadiza. A koma takarda da biro. Lissafi a layuka yake, ba a amsar ƙarshe ba. Yaron da ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe da alamar ragi a layin ƙarshe, a wurina yana da bakwai cikin goma. Na'ura sifili za ta dankara masa.

Dakta Bala:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Ba mu ƙi ba, amma takarda dubu biyu, kuma ana tsaye a kanmu a miƙa sakamako kafin zaman majalisar jami'a. In an duba su a gurguje cikin dare, bakwai ɗin nan ma ba lallai yaron ya gan ta ba.

Farfesa Garba:
A ɗauki ma'aikata.

Malam Auwal:
Amin, ranka ya daɗe. Daga bakinka sai kunnen gwamnati.

Shamsu daga Ingila:
Ina gaida malamaina. Inda nake karatu STACK ake amfani da shi, kuma ina cikin masu taya malamai tutoriyal, don haka na ga cikinsa. Farfesa, Allah ya ja kwana, abin da ka faɗa haka yake a CBT ɗin gida, amma huɗun nan da Dakta Bala ya lissafa ba canki-canka ba ne. Akwati ake ba yaro ya rubuta amsarsa da hannunsa.

A bayan STACK akwai Maxima, manhajar aljabara ce wadda asalinta Macsyma ne na MIT tun ƙarshen shekarun 1960. Ita ke karɓar abin da yaro ya rubuta ta yi lissafi a kansa. In amsar malam (x+1)^2 ce yaro ya rubuta x^2+2*x+1, ta san abu ɗaya ne. In kuma faktoraizin aka tambaya, akwai gwaji daban mai duba siffar amsar, don haka ba zai kwafe tambayar ya mayar ya ci maki ba. Intagireshan ma yana da nasa gwajin: in ya manta +c za a gaya masa, in difarenshiyeshan ya yi a maimakonsa za a gane a faɗa masa. Sannan malami na iya gina rassa. Misalin Dakta Hadiza, sai ka ce in amsar ba daidai ba, duba ko x sin x − cos x ya rubuta. In ita ce, alama ce ta kayar da shi, ba shi rabin maki ka nuna masa inda ya zame. Sangwin ɗin da Dakta ta ambata shi ya fara shi a Birmingham wajen 2005, yanzu yana Edinburgh. Kyauta ne, a cikin Moodle yake zama, wato manhajar da makarantu ke ɗora darussa da tes a kanta.

Farfesa Garba:
Shamsu, wa ya hango kuskuren alamar nan, na'urar ko malamin?

Shamsu daga Ingila:
Malamin ne, ranka ya daɗe. Shi yake rubuta reshen.

Farfesa Garba:
To wanda malamin bai hango ba fa? Na tsufa ina duba takardu, har yau yara na kawo mini hanyar ɓata da ban taɓa gani ba.

Dakta Hadiza:
Farfesa, a aji uku da huɗu na yarda. A aji ɗaya kuwa kurakuran ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. (a+b)^2 ya zama a^2+b^2, sin(A+B) ya zama sin A + sin B, a soke x a sama da ƙasa inda akwai alamar tarawa a tsakani. Duk wanda ya koyar da MTH 101 zai iya jero maka su ido a rufe. Shamsu, in yara da yawa suka kawo amsa guda mara daidai wadda ba a tanade ta ba, ana iya gani?

Shamsu daga Ingila:
Ana gani, Dakta. Akwai rahoto mai jero duk amsoshin da aka rubuta da yawan waɗanda suka rubuta kowace. Sai ki ƙara reshe, ki sa Moodle ya sake duba takardun gaba ɗaya. A kan takarda in kin canja ra'ayi a ta ɗari uku, komawa ta farko aiki ne ja.

Injiniya Nura:
Kafin a yi nisa, bari mu 'yan ICT mu sa baki, tunda ranar da abu ya tsaya mu ake nema. Kyautar STACK kyautar doki ce, kai za ka nemo masa harawa. Duk lokacin da yaro ya rubuta amsa ana kiran Maxima a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar, ta duba. Mutum ashirin ba komai. Mutum ɗari uku su danna a minti ɗaya, saba mai rauni sai ta durƙusa. Akwai maganinsa, ana ajiye Maxima da yawa a kunne suna jiran aiki, wasu ma sabarsu daban suke ware musu, amma sai an sami wanda ya san Linux ya zauna ya saita, ya gwada da lodi kafin ranar jarrabawa. Irin ɗan hayar gurbin nan mai araha da ake ɗora shafin makaranta a kai ba zai ɗauka ba.

Abin daɗin shi ne ba ya buƙatar intanet in a cikin zaure ne. Saba ɗaya, waya ta haɗa kwamfutocin, an gama. Sai dai a kula, Moodle daga waje yake ɗauko MathJax, abin da ke zana alamomin lissafi. In ba a sauke shi an dasa a gida ba, ranar da babu intanet yara za su ga tarkacen haruffa a maimakon ikweshan. Kuma saba da suwic dole su kasance a kan inbata, ba a kan janareta kaɗai ba.

Malama Rukayya:
Shi ya sa ni Numbas na bi. Na Jami'ar Newcastle ne, shi ma kyauta. Bambancinsa shi ne duk aikin a cikin burauzar yaro ake yin sa, ba a kan saba ba. Da zarar shafin ya sauka a waya, ko data ta ƙare zai ci gaba da amsa tambaya yana ganin gyara. Ni ban da saba, ban da Injiniya Nura, ban roƙi kowa komai ba. Na buɗe asusu a shafinsu, na ɗauki tambayoyin da wasu suka saki, na gyara su suka dace da tsarin karatunmu, na tura wa ɗalibai adireshi. Kuma maganar Farfesa ta makin hanya, yana da wani abu: in tambaya kashi biyu ce, yaro ya kuskure na farko amma ya yi amfani da amsarsa daidai a na biyu, ana iya sa shi ya duba na biyun da amsar yaron, ya ba shi makinsa.

Shamsu daga Ingila:
STACK ma yana yin wannan.

Injiniya Nura:
Malama, in duk aikin a wayar yaro yake, amsar ma a wayar yaro take. Ɗan kwamfuta sayans mai ƙwazo zai iya tono ta.

Malama Rukayya:
Na sani, Injiniya. Su kansu ba su ɓoye ba, shi ya sa suka yi manhajar kulle allo don jarrabawa, kuma yana aiki da Safe Exam Browser. Amma ni atisaye nake bayarwa. Wanda ya tono amsar atisaye wa ya cuta? Abin da bai ba ni ba shi ne maki. In kana son sunan kowa da makinsa su taru wuri ɗaya, sai ka saka shi cikin Moodle ko Blackboard, nan kuma mun dawo hannunku.

Malam Tukur:
Jama'a, an ji wani labari kan alawus ɗin nan kuwa?

Dakta Bala:
Malam Tukur, ka kai ta zauren ƙungiya, nan lissafi muke.

Malam Issoufou daga Maraɗi:
Salamu alaikum malamai. Mu nan Nijar da Faransanci muke koyarwa, don haka akwai wanda ba ya cikin lissafinku, sunansa WIMS. Wani malamin lissafi mai suna Xiao Gang ya yi shi a Jami'ar Nice ta Faransa a ƙarshen shekarun 1990. Kyauta ne, shi ma yana canja lambobi ga kowane ɗalibi, kuma tarin atisayensa da Faransanci ya fi yawa, saboda haka ku ba zai yi muku amfani kamar mu ba. Abin da zan ja hankalinku kansa ƙarami ne. Mu 3,14 muke rubutawa da waƙafi, ku 3.14 da ɗigo. Ɗalibanmu da yawa suna karatu a Kano da Sakkwato da Katsina. Duk wadda za ku ɗauka, ku duba yadda take yi da waƙafi, kar yaro ya ci lissafi ya faɗi a rubutu.

Malama Rukayya:
Numbas na barin malami ya zaɓi salon rubuta lamba da zai karɓa, har da na waƙafi. Amma Malam Issoufou ya taɓo babbar matsalar, kuma ba ta 'yan Nijar kaɗai ba ce. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, sai muke ɗauka duk wanda ya shigo jami'a ya iya kwamfuta. Ina! Maɓallai kaɗan JAMB take buƙata, A, B, C, D da na gaba da baya da miƙawa. Akwai yaron da iyakar saninsa da kibod ke nan. Yanzu ka ce ya nemo ^ da * da baka. Zai rubuta sinx a maimakon sin(x). Zai rubuta 1/2x yana nufin ɗaya bisa 2x, na'ura ta karanta rabin x ko ta ƙi karɓa. Zai rubuta x+1/x-1 ba baka ko ɗaya. Makonnin farko kusan duk ƙorafin da nake samu na rubutu ne, ba na lissafi ba.

Shamsu daga Ingila:
Wannan duk suna da ɗan magani. STACK kafin ya duba amsa sai ya zana ta yadda ya fahimce ta, kamar a littafi, ya nuna wa yaro. In ya ga ba abin da yake nufi ba ne ya gyara, ba a cire masa komai. Numbas da WeBWorK ma suna nunawa. Amma gaskiyar Malama ce, nan ma makon farko tes ake ba su na koyon rubuta amsa zalla, ba maki a kansa.

Dakta Hadiza:
Ni kuma ina ganin alheri a ciki. Yaron da ya rubuta x+1/x-1 ya ga abin da ya fito, ranar zai san amfanin baka. A takarda mu muke rufa musu asiri, muna karanta abin da suke nufi ba abin da suka rubuta ba.

Dakta Kabiru:
Ba wanda ya yi maganar WeBWorK, bari in tsaya masa, na yi aiki da shi a Amurka. Michael Gage da Arnold Pizer suka fara shi a Jami'ar Rochester a tsakiyar shekarun 1990, ya girmi STACK da Numbas. Ƙarfinsa rumbunsa ne, tambayoyi dubbai a buɗe, an jera su bisa darasi, kalkulas da aljabara da sauransu. Dakta Bala zai iya haɗa aikin gida na zango guda bai rubuta tambaya ko ɗaya ba. Rauninsa biyu. Tambayoyin bisa littattafan Amurka aka gina su, za ka tarar da ƙafa da mil da galan, kuma jerin darussan ba lallai ya bi na CCMAS ba, wato tsarin karatun da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta shimfiɗa. Na biyu, in za ka rubuta taka, da wani yare ake yi wanda aka gina kan Perl, ba kowa ke da haƙurinsa ba. Shi ma sabarsa daban yake so.

Yadda yake duba amsa ma ya bambanta da STACK. Lambobi yake cusawa a amsar yaro da ta malam a wurare da dama, in sun yi daidai ya karɓa. Numbas ma haka yake yi. Yana aiki sosai, sai dai in siffar amsa kake so, kamar faktoraizin, dole ka tuna ka sa wannan sharaɗin da kanka.

Dakta Bala:
Möbius fa? Wasu a kwamitin shi suke so, wai abin da aka biya kuɗi ya fi inganci.

Dakta Kabiru:
Shi ne tsohon Maple T.A., na Kanada, manhajar lissafi ta Maple ke bayansa. Ba na raina shi. Abin da kake saya shi ne su riƙe saba, kuma akwai wanda za ka kira in abu ya lalace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sashen da ba shi da irin Nura.

Injiniya Nura:
Amma biyan ba da naira ba ne, kuma ba sau ɗaya ba ne. Kowa ya ga abin da ya sami naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Shekarar da ba a sabunta ba, tambayoyin da kuka yi shekaru kuna rubutawa fa? Sannan in sabar tana waje, jarrabawarku ta rataya ga intanet na ranar. Ga kuma dokar kare bayanai ta 2023, sai an san inda sunaye da makin ɗalibai ke kwana.

Dakta Hadiza:
Akwai abin da ban ji an faɗa ba, kuma shi kwamitin jarrabawa zai fara tambaya. Zaurenmu ba ya ɗaukar kowa lokaci guda, rukuni-rukuni ake shiga. 'Yan safe na fitowa suna karanta wa 'yan rana tambayoyi a bakin ƙofa. Canja lambobi yana rage wannan, na yarda. Amma canja lambobi da ka, zalunci ne. Ka ce wa na'ura ta zaɓi a, b, c yadda ta ga dama a kwadiratik, wani ya sami x^2−5x+6, na kusa da shi ya sami wadda sai da fomula da ragowar lambobi marasa kyau, wani ma tasa ba ta da amsa a lambobi na gaske. Duk maki ɗaya. Daga amsa ake farawa: ka zaɓi p da q tukuna, sannan ka buɗe (x−p)(x−q). Ko a nan sai ka hana p ta zama daidai da q, ka hana ta zama −q, in ba haka ba tsakiyar ta ɓace tambayar ta zama kyauta.

Shamsu daga Ingila:
A STACK ana fitar da nau'o'in tun kafin jarrabawa, malami ya bi su ɗaya-ɗaya ya goge wanda bai yi masa ba, sauran kaɗai yara za su gani. Mai duba jarrabawa na waje ma ana iya buga masa su ya sa hannu.

Malam Auwal:
To ni ga tawa. Duk atisayen wayar nan da Malama ke yabo, yaro zai ɗauki hoton tambaya da Photomath, ko ya liƙa wa ChatGPT, ya kwafo amsa. Canja lamba ba ya hana wannan.

Malama Rukayya:
Ba ya hanawa. Shi ya sa ba za a ɗora maki mai nauyi a kan abin da aka yi a ɗaki ba. Ɗan kaɗan dai, wanda zai sa su buɗe. Sannan tes na zaure ya fito daga irin tambayoyin atisayen, da wasu lambobin. Wanda ya kwafa a hostel zai haɗu da ita a zaure ba waya a hannunsa.

Malam Auwal:
In makin kaɗan ne ba za su yi ba. Kin san yaranmu.

Malama Rukayya:
In sun san tes daga ciki yake fitowa za su yi. Ba duka ba, amma za su yi.

Dakta Bala:
Alhamdu lillahi, na ƙaru. Inda na karkata yanzu: Moodle da STACK a zaure don tes da jarrabawa, tunda amsar tana kan saba, Numbas kuma don atisaye a waya. Shamsu ya turo mini ta gefe cewa Jami'ar Maseno ta Kenya ta yi shekaru tana amfani da STACK ga manyan azuzuwa, har an yi taron STACK na Afirka a Kenya a 2023, wannan zai taimaka mini gaban masu cewa abin Turawa ne.

Dakta Kabiru:
Manhaja biyu, Dakta? Kowace tambaya sau biyu za a rubuta ke nan, kuma yaro ya saba da salon rubutun ɗaya ya shiga jarrabawa da ɗayar. Ni a ganina ɗaya za ku riƙe. In STACK ne a zaure, STACK ne a waya, a sa sabar atisaye a intanet.

Malama Rukayya:
Kuɗin datar fa? Da ranar da sabar ta kwanta sati guda ba wanda ya kula?

Dakta Kabiru:
Tambayar lissafi rubutu ce, ba bidiyo ba, ba ta cin data. Kwanciyar saba kuwa, wannan sai Nura.

Injiniya Nura:
Sai wanda zai gaje ni dai. Ni ma ina neman tafiya karatu.

Farfesa Garba:
Yawwa, yanzu aka zo wurin. Ina ta sauraro ana STACK ana Numbas, ba wanda ya ce wa zai rubuta tambayoyin. Shamsu, tambaya ɗaya mai kyau, da rassanta da gwajinta, nawa take ci?

Shamsu daga Ingila:
Ga sabon shiga tana iya cinye yini, ranka ya daɗe. In hannu ya faɗa, awa ɗaya ko biyu, ya danganta da tambayar. Akwai na wasu da ake ɗauka a gyara, wannan ya fi sauri.

Farfesa Garba:
To ka lissafa kwas biyu, mako-mako. Kwamitin ƙarin girma takardun da aka buga yake ƙirgawa, ba ya ƙirga wannan. Ƙaramin malami zai kashe shekara a kai, tsaransa su wuce shi, ya yi fushi ya watsar, ko ya tafi da kalmar sirrin a aljihunsa. Bala, ka rubuta a rahotonka cewa aƙalla mutum uku za a koya wa, a rage musu kwas, tambayoyin kuma mallakar sashe ne, a ajiye kwafinsu a wurin shugaban sashe. In ba za a yi haka ba ku zauna da A, B, C, D ɗinku. Kuma ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan na aji ɗaya ne. Ranar da na ji an ce a kai Real Analysis, kwas ɗin hujjoji na manyan aji, zauren CBT, da ni za a yi.

Dakta Hadiza:
A nan ba mu da saɓani, Farfesa. Ba manhajar da ke iya duba hujjar da yaro ya rubuta da kalmominsa. Iyakarsu su ba shi layukan hujja a hargitse ya jera su, wannan kuwa atisaye ne, ba jarrabawa ba. Ko a aji ɗayan ma ni zan so a bar tambaya ɗaya ta takarda, shafi guda, don kar su shekara ba su rubuta "saboda haka" ba.

Malam Auwal:
Shafi guda sau dubu biyu, Dakta. Wa zai duba?

Dakta Hadiza:
Ni da kai.

Shamsu daga Ingila:
Farfesa, akwai nau'in tambaya ɗaya da nake jin za ta burge ka, wadda a takarda ba ma iya ba aji mai yawa. Ka ce yaro ya kawo misali da kansa. Kamar ya rubuta matiriks 2×2 wadda ditaminan ɗinta 6 ne kuma babu sifili a cikinta. Amsoshin ba su da iyaka, ba abin da za a jera a A zuwa D, na'urar sharuɗɗan kawai take dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Farfesa Garba:
Wannan na kusa da shi zai iya leƙawa.

Shamsu daga Ingila:
Na kusa da shi 10 aka ba shi.

Farfesa Garba:
To ga tawa, ka gina mini in gani. A kawo f(x) wadda f(1) = 0, f'(1) = 0, amma x = 1 ba ƙololuwa ba ce kuma ba kwari ba. Ina son in ga abin da za ta ce wa wanda ya rubuta (x−1)^2, da wanda ya rubuta (x−1)^3, da wanda ya rubuta 0 kawai.

Shamsu daga Ingila:
Na farko ya cika sharaɗi biyu ya faɗi na uku, na biyu ya ci duka. Mai 0 ɗin ne zai sa ni tunani, don sai mun yanke yadda za a duba sharaɗi na uku. In an taƙaita amsa ga folinomiyal abin da sauƙi, in an bar ta a buɗe akwai aiki.

Farfesa Garba:
Kar ka taƙaita.

Dakta Kabiru:
Farfesa so yake ya kayar da yaron nan.

Shamsu daga Ingila:
A ba ni zuwa Asabar. Dakta Bala, in Moodle ɗinku yana tsaye ka turo mini lambar sigarsa, don in san wane STACK zai hau.

Dakta Bala:
Injiniya Nura, wace siga ce a kai?

Injiniya Nura:
Sai na shiga ofis gobe, Dakta. Ka taho da takardar shugaban sashe, ba na taɓa sabar jarrabawa da baki.